Asali Gado Ne, Saninsa Aiki Ne

Ƙannena maza da mata, musamman waɗanda ke jami'a da masu shirin shiga, ina so in ba ku labarin wasu matasa tsararrakinku da ke can Amurka. Iyayensu da kakanninsu mutanen Meziko ne, su kuwa an haife su a Los Angeles ko San Antonio ko Chicago, suka buɗi baki da Ingilishi. Masu wannan asali a Amurka sun haura miliyan 37. Da yawa daga cikinsu sun girma ba sa iya doguwar hira da kakarsu, ba su kuma san sunan ƙauyen da kakansu ya baro ba. Idan sun je Meziko a ce musu Amurkawa, idan suna Amurka a ce musu baƙi, har su da kansu sukan ce su ba 'yan nan ba, su ba 'yan can ba. Wasunsu sai da suka shiga jami'a, suka zauna a ajin tarihi da al'adun Meziko, sannan suka san ko su 'ya'yan wane ne. Hanyar da suka bi ta isa a tsaya a dube ta da kyau.

Ku fara sanin cewa wannan mantuwa tana da mafari. A garin Marfa da ke jihar Texas akwai wata makaranta mai suna Blackwell, wadda aka ware wa yaran 'yan asalin Meziko su kaɗai har zuwa 1965. Wata rana a 1954 aka sa kowane yaro ya rubuta a 'yar takarda cewa ba zai ƙara yin Sifaniyanci ba. Aka tattara takardun a akwati, aka haƙa rami a gindin sandar tuta, aka tara yaran suka tsaya, aka yi wa harshen iyayensu jana'iza a gabansu. A makarantu da yawa na kudu maso yammacin Amurka, yaron da aka ji yana Sifaniyanci ya san abin da ke jiransa: bulala, ko tara, ko tsarewa bayan an tashi. Waɗannan yara su ne suka girma suka zama iyaye, kuma saboda tausayin 'ya'yansu suka ƙi koya musu harshen da ya jawo musu duka. Yau jikansu ne ake yi wa gori, ana ce masa pocho, wato wanda ya saki na gida ya kama na baƙi. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna fiye da rabin 'yan asalin Latin Amurka da ba su jin Sifaniyanci sun taɓa shan irin wannan gori daga nasu. Yaron yana ɗaukar laifin a kansa, yana jin kunya, alhali an yanke igiyar tun kafin a haife shi. Abin farko da karatun tarihi yake yi masa shi ne ya sauke masa wannan kunya, ya nuna masa wanda ya yanke da kuma dalilin yankewa.

Su kansu azuzuwan da ake karantar da wannan tarihi, da gumi aka same su. A watan Maris na 1968 dubban ɗaliban sakandare a gabashin Los Angeles suka fice daga aji suka cika titi, wani malaminsu mai suna Sal Castro yana tare da su. Cikin abubuwan da suka nema akwai a daina hukunta su kan harshensu, a kawo malamai nasu, a kuma saka tarihin mutanensu cikin abin da ake koyarwa. An kama malamin da wasu mutum goma sha biyu, amma maganar ta riga ta fita. A shekarar ce jami'ar jihar Kalifoniya da ke Los Angeles ta buɗe sashen nazarin Amurkawa 'yan asalin Meziko, irinsa na farko a ƙasar. A 1969 malamai da ɗalibai suka taru a Santa Barbara suka tsara yadda wannan fanni zai kasance a jami'o'i, a shekarar kuma masanin tarihi Rodolfo Acuña ya kafa sashen da ya zama ɗaya daga cikin mafi girma, a jami'ar da yanzu ake kira Northridge. A 1993 sai da wasu ɗalibai da wani farfesa suka yi kwana goma sha huɗu ba ci a jami'ar UCLA kafin hukuma ta yarda ta kafa cibiyar da aka sa wa sunan jagoran ma'aikatan gona César Chávez. Ko a kwanan baya an so a mayar da hannun agogo baya: jihar Arizona ta yi doka a 2010, aka rufe darussan tarihin 'yan Meziko a makarantun Tucson a farkon 2012, aka kwashe littattafai daga azuzuwa cikin kwalaye. A 2017 alƙalin tarayya Wallace Tashima ya yanke hukunci cewa ƙiyayyar launin fata ce ta haifi wannan mataki. Kafin nan masu bincike na jami'ar Arizona sun riga sun nuna cewa yaran da suka ɗauki darussan sun fi takwarorinsu kammala sakandare. Yaron da ya ga kakanninsa a littafi yakan ji cewa makarantar tasa ce, sai ya zauna ya yi karatu.

To, me ɗalibin yake tararwa idan ya shiga ajin? Da farko yana tarar da amsar tambayar da aka daɗe ana jifansa da ita, wai me ya kawo su ƙasar mutane. Sai ya karanta yaƙin da aka yi tsakanin Amurka da Meziko daga 1846 zuwa 1848, da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta ranar 2 ga Fabrairu 1848, wadda ta tabbatar da cewa Meziko ta rasa fiye da rabin ƙasarta idan aka haɗa da Texas. Kalifoniya da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico duk a nan suka koma hannun Amurka. Akwai iyalan da ba su taɓa ƙetara iyaka ba, iyakar ce ta taso ta same su a gida. Sai ya karanta yadda a shekarun 1930, da tattalin arziki ya karye, aka kwashe ɗaruruwan dubban mutane aka tura su Meziko, da yawansu haifaffun Amurka ne masu cikakken 'yancin ɗan ƙasa, har jihar Kalifoniya ta nemi gafara a hukumance a 2005. Sai kuma shirin Bracero, daga 1942 zuwa 1964, inda aka rattaba hannu a kan kwantiragi kimanin miliyan 4.6 domin maza su zo su yi aikin gona da na layin dogo. A bakin iyaka ana tuɓe su a fesa musu maganin ƙwari na DDT, a duba tafin hannunsu a ga ko yana da kanta, a wani lokaci kuma aka riƙe kashi goma cikin ɗari na albashinsu, kuɗin da da yawa suka mutu ba su gani ba. Ɗalibin da ya karanta wannan, idan ya koma gida ya ga tsohon katin aiki mai hoton kakansa yana saurayi a cikin gwangwanin ajiyar kaka, ba zai ƙara ɗaukarsa tarkace ba. Ya san abin da aka biya kafin shi ya samu kujera a jami'a.

Daga nan karatun yakan nutsa da shi can baya. Zai san Tenochtitlan, birnin mutanen Mexica da aka kafa a tsibiri a tsakiyar tafki wajen 1325, mai gonaki a kan ruwa da manyan kasuwanni, wanda masana ke ƙiyasta mazaunansa sun kai kusan 200,000 lokacin da Sifaniyawa suka iso. Zai san cewa birnin ya faɗi ranar 13 ga Agusta 1521, kuma jagoran Sifaniyawa Hernán Cortés da 'yan ɗaruruwan mutanensa ba su isa su ci shi su kaɗai ba, sai da dubban mayaƙan Tlaxcala da suka daɗe suna gaba da Mexica suka mara musu baya, cutar agana kuma ta riga ta karkashe jama'a. Zai ji yadda a 1562 wani limamin coci, Diego de Landa, ya tara littattafan mutanen Maya a garin Maní ya cinna musu wuta, har yau littattafan Maya na kafin zuwan Turawa guda huɗu kacal suka rage, uku daga ciki suna Dresden da Madrid da Paris.

Amma akwai abin da na fi so ku riƙe a wannan babi. A 1536 an buɗe wata kwaleji a Tlatelolco domin 'ya'yan manyan mutanen ƙasa. Wasu matasa da suka yi karatu a nan, masu jin harshen Nahuatl da Sifaniyanci da Latin, su ne suka yi aiki da wani malamin coci mai suna Bernardino de Sahagún. Suka zauna gaban dattawan da suka ga duniya kafin zuwan Turawa, suna tambaya suna rubutawa: sunayen itatuwa da magunguna, yadda ake ciniki, yadda uwa ke yi wa 'yarta faɗa, yadda aka ci birnin a idon waɗanda aka ci da yaƙi. Aikin ya zama littafi goma sha biyu da zane fiye da 2,000, aka kammala wajen 1577, yana ajiye a birnin Florence na Italiya, kuma yau kowa na iya buɗe shi a intanet. Da waɗannan samari sun ce hirar tsofaffi ɓata lokaci ce, da babban ɓangare na abin da duniya ta sani game da kakanninsu ya bi su kabari. Matasa masu ilimin zamaninsu ne suka ceci ilimin iyayensu, kuma da tambaya da alƙalami suka yi shi.

Wani abin da ke girgiza ɗalibai da yawa shi ne su tarar da ɗakin girkin kakarsu a cikin littafin jami'a. Masara, wadda mu ma muke tuwo da ita kullum, mutanen kudancin Meziko ne suka fitar da ita daga wata ciyawar daji mai suna teosinte, a kwarin kogin Balsas, shekara kusan 9,000 da suka wuce. Suna shuka ta gona ɗaya da wake da kabewa: wake ya hau karan masara ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa. Kafin a niƙa ta kuwa, sai mace ta dafa tsabar a ruwan toka ko na ƙonannen farin dutse, ta bar ta ta kwana a ciki, da safe ta wanke ta murje ɓawon, ta niƙa a dutse, ta tafa ƙullun tsakanin tafukanta ya yi faɗi, ta ɗora a kasko mai zafi. Jika yana ganin wannan ya ɗauka al'ada ce kawai ta mutanen ƙauye. A ajin jami'a ne zai ji cewa wannan dahuwa ce ke sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara, har jiki ya iya amfana da shi. Turawa sun ɗauki masara sun bar dabarar, sai talakawan Sifaniya da arewacin Italiya da kudancin Amurka da suka dogara da ita suka yi ta fama da cutar felagira, mai lalata fata da ciki da hankali. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana riƙe da ilimin da likitocin Turai suka yi ƙarnuka ba su gane ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Haka nan waƙoƙin da kawunai ke rerawa a wurin biki, waɗanda ake kira corrido: Américo Paredes na jami'ar Texas ya ɗauki guda ɗaya, ta wani manomi mai suna Gregorio Cortez, ya rubuta littafi a kanta a 1958, ya nuna cewa mutanen bakin iyaka sun adana tarihinsu a waƙa lokacin da jaridu ke ba da labarin ɓangare ɗaya.

Sai dai kada ku ɗauka karatun asali kirari ne. Wanda ya shiga da gaskiya zai ci karo da abin da ba zai yi masa daɗi ba. Zai karanta cewa masarautar Mexica tana yanka mutane domin bauta, tana kuma tatsar garuruwan da ta ci. Zai karanta cewa a watan Mayu na 1911, cikin juyin juya halin Meziko da ake alfahari da shi, an kashe 'yan China fiye da 300 a garin Torreón, kuma sai a 2021 shugaban ƙasa ya nemi gafara. Zai karanta yadda sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a dandalin Tlatelolco ranar 2 ga Oktoba 1968, kwana goma kafin gasar Olamfik. Zai ga cewa ƙasar da ke ado da hotunan sarakunan dauri ta daɗe tana raina jikokinsu masu rai, duk da cewa akwai harsunan asali 68 a Meziko, Nahuatl kaɗai yana da masu magana fiye da miliyan ɗaya da rabi. Zai kuma gano tushen da aka daɗe ana ɓoyewa, wanda ya shafe mu kai tsaye: 'yan Afirka kimanin 200,000 aka kai Meziko cikin bauta. Ɗayansu, Gaspar Yanga, ya jagoranci waɗanda suka gudu zuwa duwatsun Veracruz wajen 1570, sojojin Sifaniya suka kasa murƙushe su a 1609, daga baya aka amince musu da garinsu, wanda yau ke ɗauke da sunansa. Vicente Guerrero, shugaban da ya haramta bauta a 1829, yana da jinin Afirka. A ƙidayar 2020 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka ce su 'yan Meziko ne masu asalin Afirka. Ƙaunar da ta ji duk wannan ta tsaya, ita ce mai ɗorewa. Wadda aka gina a kan yabo zalla, gardama ɗaya ke rusa ta.

Yanzu bari in juyo gare ku. Asali kamar gonar gado yake: sunanka na kanta ko ba ka taɓa taka ta ba, amma in ba ka noma ta ba daji za ta koma, wani ya zo ya gaya maka inda iyakarta take. Na san a cikinku akwai ɗan zango a Kumasi ko Accra, akwai wanda kakanninsa suka yada zango a Sudan a hanyar Makka, akwai wanda ya tashi a Legas ko Landan yana jin Hausa amma amsawa ta gagare shi. Akwai ma wanda ke tsakiyar Kano ko Damagaram, Hausa ta zauna a bakinsa, amma an miƙa masa takardar ajami da kakansa ya rubuta ya kasa karanta layi ɗaya. A Najeriya an yi shekaru babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi, don haka da yawanku ba laifinku ba ne. Amma daga ranar da mutum ya gane abin da ya rasa, nema ya zama nasa.

Nasihata ta farko, kada kunya ta hana ku farawa. Ɗan asalin Meziko mai shekara ashirin yakan zauna a ajin koyon Sifaniyanci yana tuntuɓe da kalmomin da ɗan shekara biyar ya sani a Oaxaca ta Meziko, ana dariya yana ci gaba, har bakinsa ya buɗe. Ku kuma da kuka iya, kada ku yi wa mai koyo gori, domin gori ne ke mayar da shi inda ya fito.

Ta biyu, ba sai kun bar fanninku ba. Mai karatun likita ko injiniya ko lauya yana iya ɗaukar kwas ɗaya ko biyu na tarihi da adabi, yana iya shiga laburare, yana iya ziyartar Arewa House a Kaduna ko Gidan Makama a Kano ko cibiyar nazarin ɗan Adam ta jami'ar Yamai. Likitan da ya san yadda mutanensa ke tunani ya fi iya yi musu magani. Wanda kuma zuciyarsa ta kwanta da tarihi ɗungurungum, kada ya bari a karya masa gwiwa da cewa karatun marasa abin yi ne. Al'ummar da ba ta da masu rubuta tarihinta, wasu ne za su rubuta mata yadda suka ga dama.

Ta uku, ita ce babba: karatun ya mayar da ku gida da ladabi. Alamar cewa ilimi ya shiga mutum ita ce ya dawo yana tambaya. Ɗalibin da ya karanta littafi uku ya zo yana gyara wa kakarsa labarin da ta gani da idonta, wannan bai samu komai ba sai girman kai. Ku durƙusa ku gaida tsoho, ku nemi izininsa, ku kunna wayar da ke aljihunku ku naɗi muryarsa. Ku tambaye shi sunan mahaifinsa da na kakansa, garin da suka taso, abin da ya tashe su, sana'ar gidan, shekarar yunwa da ta annoba, waƙar da ake yi a niƙa da daka. Ku rubuta ranar da wurin, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya, ku ba ƙannenku. Jami'a za ta koya muku yadda ake auna labari da labari, yadda ake gwada abin da aka ji da abin da aka rubuta. Labarin kansa yana gida.

Ta huɗu, kada sanin asali ya zama makamin raina wani. Wanda ya karanta tarihin Meziko da kyau ya san jinin mutanen ƙasa da na Sifaniya da na Afirka da na Asiya duk sun gauraya a cikinta. Wanda ya karanta namu ya san Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Buzu da Banufe sun yi auratayya da fatauci da karatu tare tun da daɗewa. Duk wanda ya fito daga karatun tarihi yana ƙin maƙwabcinsa, to rabi ya karanta.

Waiwaye adon tafiya ne, kuma mai waiwaye ba tsayawa ya yi ba. Littafi zai jira ku a laburare shekara ɗari, amma tsohon da ke gidanku ba zai jira ba. Ƙannena, kada hutun nan ya ƙare ba ku zauna da shi ba. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku zama masu riƙe amanar waɗanda suka gabace ku.